Ajiyar Tsohon Karofane

Ni ne na farko a danginmu da ya taɓa kwamfuta, kuma na daɗe ina ɗaga hanci a kan haka. A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin sakatare a biro, wato ofis, na wani ƙaramin asibitin mishan a yankinmu na Adar. Mu can ordinatar muke ce mata. Guda ɗaya ce tal a duk asibitin, tana kan tebur a kusurwar biro, an lulluɓe ta da tsohon zanen atamfa saboda kashin tsaka da ke faɗowa daga rufi. Wata Baturiya mai kula da biron, wadda kowa ke kira Madam, ita ta koya mini aiki da ita. Kullum bayan addu'ar safe ta ma'aikata nakan zare wayar tarho in soka wa na'urar, ta yi ta kuka kamar akuyar da igiya ta shaƙe. In an yi sa'a layin Yamai ya kama, wasiƙu su shigo. In ba a yi sa'a ba, sai gobe.

Madam ta raba wasiƙun gida-gida a cikin na'urar, kowane gida muna ce masa dosiye. Akwai na odar magani, akwai na likitocin da ke zuwa taimako su koma, akwai na shugabannin mishan. Na ƙarshe shi ne na iyalai, inda nake zuba wasiƙun 'ya'yan ma'aikata da ke karatu a waje da na majinyatan da aka kai Turai don aikin da ya fi ƙarfinmu. Dokar biro ita ce, wasiƙun aiki a buga su a takarda a sa hannu, na iyalai kuwa a karanta wa mai su da baki. Ƙyallen tawadar injin bugawa daga Yamai yake zuwa, kuma ba kullum ake samunsa ba.

Ranar Asabar ita ce ranar ajiya. Madam ta nuna mini cewa kowane dosiye yana da ƙunshi biyu a cikin na'urar, sunansu ɗaya, amma ɗaya babba ne ɗaya ƙarami. Ta ce in kwafe su duka biyun a kan disket, wancan ɗan faifai mai kusurwa huɗu da ke shiga aljihun riga, domin ko da na'urar ta mutu a iya mayar da komai. Sau biyu na yi a gabanta, ta ce madalla. Ba ta gaya mini bambancin babban da ƙaramin ba, ni kuma ban tambaya ba, don kada a ce sakatare bai gane ba. Ba da daɗewa ba ta tafi hutun shekara guda a ƙasarsu, ta bar ni da makulli da kwali guda na disket.

Watannin farko komai ya tafi daidai. Sai wata Asabar na zo kwafe dosiyen iyalai, na'urar ta ce disket ya cika. Na sa sabo fil, ta sake cewa ya cika. Ashe wasiƙu sun taru, babban ƙunshin ya yi ƙiba har ya fi ƙarfin disket ɗaya. Na zauna na yi shawara da kaina, shawarar wawa. Na ce ai sunansu ɗaya, ƙaramin nan babban ne aka matse shi, Turawa dai ba su rabuwa da yin abu biyu-biyu. Na kwafe ƙaramin, ya shige sumul, har da sauran fili. Daga ranar nan duk dosiyen da ya yi ƙiba ƙaraminsa nake ɗauka. Akwai tarho a gabana, da na ɗaga na kira Yamai da an gaya mini a minti ɗaya. Girman kai ya hana ni.

Akwai kuma abu na biyu, wanda daga gida na taho da shi. Mahaifina manomi ne daga wajen Tama kafin ya karɓi bishara ya dawo kusa da mishan, kuma har ya mutu yana da rumbun tsimi. In kaka ta yi kyau sai ya cika shi da damman hatsi, ya liƙe bakinsa da laka, ba mai taɓawa sai shekarar da abinci ya yanke. Na taɓa shan mari a hannunsa don na ɓanɓare lakar ina son in leƙa. Ya ce abin da aka liƙe an gama da shi, mai yawan leƙe shi ke shigar wa hatsi da ƙwari. Haka na ɗauki disket. Kowace Asabar in sa shi a ambulan, in liƙe da gam, in rubuta kwanan wata da kyakkyawan rubutuna, in jera a gwangwanin biskit cikin kabad. Ko sau ɗaya ban taɓa yage ambulan na mayar da disket cikin na'ura don in ga abin da ke ciki ba. A ganina wannan shi ne riƙon amana.

A wannan shekarar ne wani tsoho daga ƙauyen Karofane ya fara zuwa birona. Musulmi ne, manomi, dogo, siriri, da buta a hannu da buzu a kafaɗa. 'Yarsa matar aure ce mai 'ya'ya biyu, mijinta ya tafi biɗa, wato ci-rani, bakin teku ya daɗe. Ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu har ba ta iya kaiwa rijiya. Likitocinmu suka ce sai an yi mata aiki a Turai, wata ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ta. Uban ya yarda. Uwar ta ce sam. Ta ce Nasara za su yanka mata ɗiya su binne ta inda ba wanda ya san kabarin. Ranar da mota ta zo ɗaukarta, uwar ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ta ƙi dawowa sai da ƙarar motar ta ɓace. Ba su yi sallama ba. Tsohon da kansa ya ba ni wannan labari, a zuwansa na uku ko na huɗu, yana kallon ƙasa.

A can Turai akwai wata tsohuwar Baturiya da ta yi aikin jinya a Adar shekaru da yawa kafin ta yi ritaya, tana jin Hausa. Ita ke zuwa gefen gadon matar, ta rubuta abin da ta faɗa a takarda, ta kai wa ma'aikatan asibitin can su buga su aiko mana. Kusan kowane mako sai wasiƙa ta zo. Tsohon kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo motar 'yan kasuwa, ya zauna a bencin ƙofar biro har in gama da likitoci. Ba ya zuwa hannu sake, ko gujiya ko 'yar albasa a leda. Sakatare yake kirana, na'urar kuma akwati. Yakan tsokane ni wai ni da akwatina ba mu da bambanci, kullum a lulluɓe cikin ɗaki ba mu san rana ba. Ni kuma in ce masa ai shi ya sa ba mu bushe kamar shi ba.

Wasiƙun ba su da wani abin mamaki. Tana gaida kowa da sunansa. Tana cewa abincinsu ba yaji, sanyi ya hana ta wanka da safe, an ba ta takalmin ulu. Tana tambaya ko an yi shuka, ko ƙaramin ɗanta ya bar kukan dare, ko tunkiyarta ta haihu. Tsohon yakan sa in maimaita sau biyu, ya haddace, ya kai gida. Ya ce in ya fara faɗa a tsakar gida kowa yakan matso, ban da uwar, wadda takan tashi ta shige ɗaki. Sau ɗaya tausayi ya kama ni na ce zan karya doka in buga masa su a takarda. Ya girgiza kai.

"Takarda gidana abincin gara ta. Aje min nan wurinka, Sakatare. Kai ad da akwati."

Na ji daɗin maganar ƙwarai. Har na buɗe kabad na nuna masa gwangwanin biskit da ambulan a jere, na ce ko akwatin ya ƙone maganar 'yarsa tana nan. Ya sa mini albarka.

Ana tsakiyar damina, an shiga noma na biyu, wata wasiƙa ta zo wadda ta fi sauran tsawo. An sa ranar aikin, saura kwana kaɗan. Ranar kasuwa tsohon ya zauna a kujerar da ya saba, na buɗe. A kan wasiƙar an rubuta "Zuwa ga Inna". Na karanta masa wannan, na shiga layin farko: "Inna, ina gaishe ki. Na san kina hushi da ni." Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Wagga ba tawa ba ta. Mai ita za ta zaka ta jiya da kunnenta."

Na ce to ko in buga masa ya kai mata. Ya ce in takarda ta shiga gari sai an nemi ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya karanta, kafin magariba kowa ya ji abin da ke tsakanin uwa da ɗiya. Ya ce in an gama noma zai lallaɓo ta ya kawo ta, ko da a kan jaki ne. Na rufe wasiƙar. Bayan ya tafi idona ya yi ta komawa kanta, amma ban buɗe ba. Tunda uban da ya haife ta ya ƙi ji, ni wane ne? Ranar Asabar na yi ajiyata yadda na saba, na liƙe ambulan.

Mako na gaba saƙo ya zo cewa ba ta farfaɗo daga aikin ba. An ce Musulmin garin sun yi mata salla sun binne ta a maƙabartarsu. Fasto da babban ma'aikacin jinya suka ɗauki mota zuwa Karofane don su faɗa. An ce in bi su, na ce aiki ya yi mini yawa. Ƙarya nake, tsoro ne. Duk abin da uwar ta faɗa ya tabbata, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ba a yi kwana ashirin ba hadari ya taso da la'asar, ina ta fama da layin Yamai, waya tana jikin na'ura. Tsawa ta faɗi kusa, na ji ƙara tas a bayan tebur, ƙaurin roba ya cika biro. Na'urar ba ta sake tashi ba. Raina ya ɓaci, amma hankalina bai tashi ba. Har na riƙa gaya wa ma'aikata kada su damu, komai yana cikin gwangwani.

Sai da aka yi kusan wata guda kafin mai gyara ya zo daga Yamai, wani mai ƙiba mai yawan shan shayi. Ya canza abin da ya ƙone, ya sa sabuwar ma'ajiya a cikin na'urar, ya ce in kawo ajiya. Na ɗauko gwangwani na ɗora a gabansa kamar mai kawo kayan lefe. Ya yaba tsarina, ya ce ko a ma'aikatun Yamai bai ga haka ba. Ya ɗauki ambulan na ƙarshe ya yage, ya sa disket, ya yi ta danne-danne. Sai ga dosiyen iyalai ya bayyana, wasiƙu a jere, kowace da ranarta da sunan mai aikowa da kanta. Na hango "Zuwa ga Inna" can ƙasa, na yi hamdala a zuciyata. Ya danna ɗaya daga sama don gwaji. Fili fari, ba ko harafi. Ya danna ta biyu, haka. Ya koma ya duba disket ɗin, ya juyo ya dube ni.

"Ina manyan?"

Na ce ba su shiga ba ne, shi ya sa na ɗauki ƙananan. Ya ajiye kofin shayinsa. Ya yi mini bayani a hankali, kamar ba ya so ya kunyata ni, cewa ƙaramin ƙunshin jerin sunaye ne kawai, yana faɗin wasiƙa kaza ta zo ran kaza. Maganar kanta tana cikin babban. Ya ce akwai hanyar matse babban ko a raba shi kan disket uku ko huɗu, ko kuma a riƙa kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa sabon dosiye duk wata don kada ya yi ƙiba. Ya ce da na taɓa gwada mayarwa sau ɗaya da na gani tun ranar farko.

Muka yage ambulan ɗin duka, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasan tebur ya cika da takarda. Na watannin farko sun dawo lafiya lau: wani ɗalibi yana roƙon a aika masa yaji da kilishi, wata tana gaida 'yan ƙungiyar mawaƙan majami'a. Daga Asabar ɗin da disket ya fara cika, babu komai sai jeri. Wasiƙun matar Karofane duka bayan wannan Asabar suka zo. Wasiƙun aiki ba wanda ya damu da su, tunda suna nan a takarda. Mai gyaran ya tafi da tsohuwar ma'ajiyar Yamai ko za a iya ceto wani abu, bayan mako biyu ya bugo ya ce ta ƙone ƙurmus.

Na rubuta wa tsohuwar Baturiyar ina roƙo. Ta amsa da kirki. Ta ce takardun da take rubutawa da hannu tana barinsu wurin ma'aikatan asibitin, ta je ta tambaya an ce ba a ajiye su, na'urarsu ma ba ta riƙe saƙon majinyaci bayan an rufe dosiyensa. Ta ce ta tuna wasiƙar doguwa ce, matar ta nemi gafarar uwarta, ta kuma yi ta ambaton abubuwan ƙuruciya da sunayen wurare da mutane waɗanda ita ba ta sani ba, don haka ba su zauna mata a kai ba. Abin da ta iya ba ni ke nan.

Daga nan ranar kasuwa ta zama mini azaba. Da na ji motar 'yan kasuwa ta tsaya sai in leƙa taga in ga ko tsohon ne. Na bar cin abincin rana. Matata ta tambaye ni har ta gaji. Na yi tunanin in zauna in tsara wasiƙar da kaina, tunda na san yadda marigayiyar ke magana, in karanta musu, ba mai ganewa. Har na fara, na rubuta layi uku, na ji ƙyamar kaina na goge. Na kuma yi tunanin in hau mota in je Karofane in faɗi gaskiya kafin su wahalar da kansu. Wannan shi ne daidai, kuma ban yi ba. Kullum sai in ce mako mai zuwa.

Bayan an gama yankan hatsi suka zo. Na fito daga addu'ar safe na same su a benci. Tsohon ya ƙara ramewa. Kusa da shi wata 'yar tsohuwa ce gajera, ta rufa da baƙin mayafi, tana riƙe da takalmanta a hannu tun daga ƙofar asibiti. Na durƙusa na yi musu gaisuwar rashi, wadda ya kamata in kai musu gida tun watanni. Suka amsa ba tare da sun nuna mini komai ba. Muka shiga biro. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa gefen tebur, ta ɗaga kai tana kallon na'urar.

"Ɗana, an ce ajiyata na wurinka."

Na tsuguna a gabanta na faɗa mata. Ban ɗora wa tsawa laifin ba, ko da yake da na ɗora mata da sun karɓa, su ce haka Allah ya so. Na ce tsawa ta ƙone akwati, amma an ba ni hanyar tsare maganar, ni ne ban yi daidai ba, kuma ban taɓa dubawa ba. Tsohon ya tambaye ni gwangwanin fa, wanda na nuna masa. Na ce ba komai a ciki sai sunaye. Ya kawar da kai gefe. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na gaya mata abin da tsohuwar Baturiyar ta rubuto, cewa 'yarta ta nemi gafara. Ta saurara har na gama.

"Wanga zancen Nasara na. Nata nika biɗa. Ba abin da yar rage?"

Na tashi na kunna na'urar, na buɗe jerin, na sa yatsa a kan layin. Na ce ga shi, an rubuta "Zuwa ga Inna". Ta miƙe ta matso ta dubi inda yatsana yake, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Na ce akwai kuma layin farko, wanda na riƙe a kaina. Na faɗa mata shi yadda yake: "Inna, ina gaishe ki. Na san kina hushi da ni."

Ta karkato kunne tana jira. Da ta ji ban ƙara ba ta ce, "Ci gaba."

Na ce iyakarsa ke nan, nan aka tsaya ranar. Ta juya ta dubi mijinta. Shi ne ya tsayar da ni, don ya girmama ta, kuma dukanmu uku mun san haka. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin buzunsa. A waje ana ta kiran majinyata da lamba.

Can ta goge fuska da bakin mayafi, ta tambaye ni ko akwatin nan yana kai amsa. Na buɗe baki zan ce ba inda za a kai, tsohon ya dube ni, na gane, na ja kujera na zauna.

"Ce mata ba hushi ba na, tsoro na. Ce mata na yahe, duniya da lahira. Ɗiyanta suna wurina, tunkiyarta ta haihu biyu."

Na rubuta kalma bayan kalma, na karanta mata, ta ce haka ne. Ta ɗauki takalmanta suka fita. Tsohon ya bar mini 'yar ledar gujiya a bakin tebur kamar kullum, kuma bai sake zuwa birona ba.

Wurin da ake rubuta adireshi na bar shi fili, na ajiye saƙon a dosiyen iyalai, ƙarƙashin layin da ba komai a cikinsa. Ranar Asabar na kwafe dosiyen, babban da ƙaramin. Kafin in liƙe ambulan na mayar da disket cikin na'ura na buɗe na duba. Amsar uwar tana nan, ba abin da ya ɓace daga cikinta.